Kafin Ka Sayi Sabon Batir: Duba Bayan Makullin Akori-kurarka

Lokacin da nake SIWES a wani gareji, wata safiyar Laraba aka turo mana wata akori-kura ƙirar Fijo 504, kwandunan tumatir cike da bayanta, majiya ƙarfi huɗu na tura ta suna haki. Mai motar dattijo ne, gumi ya jiƙe masa riga. Tun kafin a tambaye shi ya fara lissafi: ya sayi sabon batir sati biyu da suka wuce, an kwance kik an gyara, an canza koyil, an canza fulogogi duka huɗu. Amma motar tana nan da halinta. Wata rana ta tashi bugu ɗaya, wata rana a murɗa makulli shiru kamar an shuka dusa. Ranar kuwa tana cikin tafiya ta faɗa rami, ta mutu a tsakiyar titi, ga tirela a baya.

Oga bai buɗe bonet ba. Ce mini ya yi, "Kai ɗan makaranta, ɗauko fitilar gwaji." Sannan ya buɗe, ya sa na maƙala ta a kan koyil, ya shiga ya murɗa makulli, fitila ta kama. Sai ya ɗan girgiza makullin da yatsa biyu. Fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta ɗauke, ta dawo. Ya leƙo ya ce wa dattijon, "Baba, batirinka na da ma lafiyarsa ƙalau. Suwic ne."

Minti biyar ba a yi ba. Dattijon ya kashe kuɗin kaya har kala huɗu a kan abin da fitilar da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa biyu ba ta nuna. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna batun a wannan fili, domin da yawanmu akwai irin wannan mota a gida, ko ta baba ko ta kawu, kuma da zarar an ji kana foli, kai ake kira idan ta ƙi tashi, ko da kuwa akanta kake karantawa.

Abin da ke bayan makulli

Abin da muke kira makunnin mota, ko suwic a bakin 'yan gareji, abu biyu ne aka haɗa wuri ɗaya. Na farko gidan makulli, wato inda kake zura makullin. Wannan aikin ƙarfe ne zalla, babu wuta a ciki: 'yan ƙananan haƙora ne da sifirin, sai wani harshe da ke shiga jikin sandar sitiyari ya kulle shi idan an zare makulli. Na biyu yana can baya, ɗan dunƙulen roba mai wayoyi huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye. A cikinsa akwai faranti na jan ƙarfe da ke juyawa yana haɗa wannan waya da waccan. Gidan makulli ne ke juya shi ta wani ɗan tsinke. Ka riƙe wannan bambancin, domin kowanne da irin ciwonsa da irin maganinsa.

A yawancin motocin Japan irin su Hilux da Datsun za ka ga an rubuta matakai huɗu a bakin makullin: LOCK, ACC, ON, START. A wasu motocin Faransa kuma haruffa ne, S, A, M, D, amma aikin ɗaya ne. A mataki na farko komai a kashe. Na biyu yana ba rediyo da makamantansa wuta. Na uku yana ba koyil wuta, da fitilun dashbod, da waifa, da sigina. Na huɗu yana aika wuta ga solinoyid, wancan ɗan gwangwanin da ke kan kik, kuma da ka saki makulli sifirin zai dawo da shi na uku.

Wayoyin ma suna da suna. A tsarin Jamus, wanda motocin Turai da yawa ke bi, lamba 30 ita ce wayar da ta taho daga batir, kullum da wuta a jikinta. Lamba 15 ita ce mai samun wuta idan an kunna, lamba 50 kuma ta kik. Toyota na rubuta AM, IG, ACC da ST. Kada ka dogara da launin waya a tsohuwar mota. Motar da ta shekara talatin ta bi ta hannun masu wayarin iri-iri, kowa ya sa abin da ya samu.

Idan ta dizal ce babu koyil babu fulogi, amma labarin bai canza ba. Wayar IG ce ke riƙe da ɗan solinoyid da ke jikin famfon mai, wanda idan ya rasa wuta sai ya toshe hanyar mai injin ya mutu. Ita ce kuma ke ba da umarni a kunna hita kafin a tayar.

Me ke kashe shi?

Kik yana jan wuta mai yawan gaske, amfiya ɗari ko fiye, amma wannan ta katuwar wayar batir take bi, ba ta makunni ba. Sai dai solinoyid ɗin kansa yana iya jan amfiya 30 ko fiye a daidai lokacin da yake kamawa, kuma a tsofaffin motoci da yawa babu rile a tsakani, wutar kai tsaye ta cikin farantin nan take wucewa. Duk haɗuwa da rabuwa sai ɗan tartsatsi ya tashi. Shekara da shekaru, jan ƙarfen ya yi baƙi, ya yi ramuka, turjiya ta ƙaru.

'Yan ilektirikal, ga lissafinku na ajin farko ya zo gida. A ce datti ya sa turjiyar wurin ta kai om 0.1, kayan da ke rataye a kan wayar IG kuma suna jan amfiya 15. Wutar da za ta ɓace a nan bolt 1.5 ce. Zafin da za a samu kuwa, 15 sau 15 sau 0.1, wat 22.5 ke nan. Ƙwan fitilar birki wat 21 ne. To ka ɗauka an kunna ƙwan fitilar birki a cikin ɗan dunƙulen roba, an rufe, ana tafiya da shi daga Zariya zuwa Kano. Roba ta yi laushi, sifirin ya saki, faranti ya daina dannuwa sosai, turjiya ta sake hawa, zafi ya ƙaru. Haka abin yake cin kansa.

Mu kuma muna taimaka masa. Akori-kurar da kamfanin PAN ya haɗa a Kaduna, wanda ya fara aiki tun 1975, ba a yi makunninta don ya ɗauki amfilifaya da fanka da ƙarin fitilu da cajar waya uku ba. Amma duk wanda zai ƙara wani abu, wayar da ta fi kusa yake fere wa ya ɗaura, ita ce kuwa ta bayan makulli. A motar dattijon nan waya biyar muka ƙirga an ɗaura a kan guda ɗaya.

Sai nauyin makulli. Na gida, na shago, na kwaɗon sito, da abin yanke farce, duk a zobe ɗaya suna lilo. Kada ka ɗauka wasa ne. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye motoci kusan miliyan 2.6, cikinsu har da Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, saboda makunninsu na iya zamewa daga ON idan an yi tsalle ko makulli ya yi nauyi. Injin ya mutu, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyya da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Kafin nan, a 1996, Ford ya janye motoci miliyan 8.7 a Amurka da Kanada, har da akori-kura samfurin F, saboda makunni na iya haddasa gobara. Idan sabo fil daga kamfani ya yi haka, ina ga wanda ya sha ƙurar hunturu talatin?

Alamomin da ke nuna shi

Babbar alama ita ce rashin tabbas. Batirin da ya mutu ya mutu, ba ya farfaɗowa don an girgiza makulli. Ga waɗanda suka fi yawa:

Ka murɗa zuwa ON fitilun dashbod ba su kama ba, ko sai ka ɗan motsa makulli, alhali fitilun gaba da hon suna aiki garau. A tsofaffin motoci da yawa waɗannan biyun ba ta makunni suke bi ba.

Ka murɗa zuwa START shiru, babu ko ƙas, fitilun gaba kuma ba su dusashe ba.

Mota ta tashi, da ka saki makulli ta mutu. A nan a yi hattara: a motocin da ke da ɗan farin resisto kusa da koyil, ƙonewarsa ma na kawo haka, domin a lokacin tayarwa ana tsallake shi. Sai a gwada shi kafin a yanke hukunci.

Mota ta mutu tana tafiya, musamman a rami, allurai su faɗi gaba ɗaya a lokaci guda. Idan matsalar mai ce, injin yakan yi shiƙa yana fizga kafin ya mutu, fitilun jan dashbod kuma su kama. Idan makunni ne, kamar an hura fitilar aci-balbal ne.

Makulli ya yi zafi bayan tafiya, ko ka ji ƙaurin roba a ƙarƙashin sitiyari.

Makulli bai dawo da kansa daga START ba, kik na ci gaba da ihu bayan injin ya tashi. Wannan kam a kashe nan take, domin yana cinye haƙoran filawil ya ƙona kik.

Akwai kuma waɗanda ba nasa ba ne amma ake ɗora masa. Ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilu na dusashewa, wannan batir ne ko kawunansa sun yi gishiri. Ƙas guda ɗaya mai ƙarfi sannan shiru, a fara zargin kik da wayoyinsa. Makulli ya ƙi juyawa sam, galibi sitiyari ne ya danne harshen kulle: ka ɗan karkaɗa sitiyarin hagu da dama kana murɗawa a hankali.

Yadda ake gwadawa

Kayan aiki kaɗan ne: fitilar gwaji, maltimita, sukudireba, sifana mai lamba 10, da guntuwar waya mai kauri. Kafin komai, giya a firi, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya. Cire zobe da agogon ƙarfe. Zoben azurfa idan ya haɗa wuta da bodi jajir yake yi a yatsa.

Fara da batir. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take. Idan ya gaza 12, je ka yi caji tukuna, duk gwajin da za ka yi a haka ƙarya zai faɗa maka. A lokacin da kik ke juyawa kada ya sauka ƙasa da 9.6. Kama kawunan batir ka murɗa da hannu; idan sun motsa, ka ɗaure. Duba wayar da ta tafi bodi da wadda ta tafi injin. Duba fis, har da babban da ke kusa da batir idan motar na da shi.

Daga nan sai kik. Cire 'yar siririyar wayar da ke kan solinoyid, ka sa fitilar gwaji tsakaninta da bodi, wani ya murɗa maka zuwa START. Idan ba ta kama ba, wuta ba ta isowa, matsalar tana baya: makunni, ko waya, ko rile idan akwai, ko ɗan suwic na kuloci da wasu motoci ke da shi. Don ka tabbatar da lafiyar kik, taɓa wancan ɗan bakin solinoyid da waya daga kan batir mai alamar ƙari. Ya juya da ƙarfi? To ka wanke shi. Sake duba giya kafin ka yi wannan, domin mota a giya za ta zabura ta taka ka.

Yanzu kwance robobin da suka rufe sandar sitiyari ka kai ga soket ɗin makunni. Tun kafin mita, idonka da hancinka za su gaya maka wani abu: roba ta narke, baki ya yi launin toka, waya ta yi tauri. Nemo wayar da ke da wuta ko makulli na waje, ita ce 30. Sannan ka bi sauran ɗaya-ɗaya kana murɗa makulli, kana rubutawa a takarda wacce ke kamawa a wane mataki. A kowane mataki ka girgiza makulli kamar yadda Oga ya yi. Wayar IG dole ta riƙe wuta a ON da kuma START. Ta rediyo kuwa a motoci da yawa ɗaukewa take yi a START, haka aka tsara ta, ba ciwo ba ne.

Gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya shi ne na asarar wuta. Sa mita a ma'aunin bolt, jan tsinke a wayar 30, baƙin a wayar IG, komai a jone, makulli a ON, ka kunna waifa da fanka don a ja wuta sosai. Abin da mita ta nuna shi ne abin da makunni ke cinyewa. Lafiyayye ba ya wuce 0.2 zuwa 0.3. Idan ya haura 0.5, ko lambar na tsalle idan ka taɓa makulli, ka kama ɓarawonka. Maimaita tsakanin 30 da wayar kik a lokacin tayarwa.

Wani zai ce me ya sa ba za a cire shi kawai a auna om ba? Domin mita ɗan mitsitsin wuta take turawa, kuma ko silin waya ɗaya ya rage zai wuce da ita, mita ta yi ƙara ta ce lafiya. Gadar kara tana ɗaukar akuya, amma ba a san ƙarfinta sai an kawo raƙumi da kaya.

Saura tambaya ɗaya: ɓangaren wuta ne ko gidan makulli? Kwance dunƙulen baya, galibi ƙananan sukurori ɗaya ko biyu ne ke riƙe da shi, ka bar shi a jone, ka juya shi da bakin sukudireba. Idan komai ya yi aiki daram, tsinken gidan makulli ne ya cinye, ba ya kai shi ƙarshe. Idan har yanzu yana ɗaukewa, shi ne.

Gyara

Cire kan batir mai alamar ragi kafin ka taɓa komai. Wayar 30 a wasu tsofaffin motoci ko fis ba ta da shi, idan ta taɓa sandar sitiyari sai dai ka ga hayaƙi.

Idan ɓangaren wuta ne, canza shi ya fi. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka, ka tafi da tsohon a hannu, ko Panteka ce ko Ƙofar Ruwa, ka gwada yawan baki da siffar ramin tsinke. Idan na hannu za ka saya, auna shi a gaban mai shago. Ana iya buɗe tsoho a goge farantin da sanfefa mai laushi a shafa ɗan giris na lantarki, kuma zai kai ka gida, amma idan zafi ya riga ya sassauta sifirin ko ya lanƙwasa roba, kwana kaɗan zai dawo. Ka yi hankali wajen buɗewa, akwai 'yan ƙwallaye da sifirin da ke tsalle su ɓace. Soket da ya narke shi ma a canza, a yanke waya har inda jan ƙarfenta ke ƙyalli, a matse sabon baki da kyau. Sabon makunni a kan ƙonannen soket, an yi ba a yi ba.

Idan gidan makulli ne, fara da makullin kansa. Wanda aka yanka daga wanda aka yanka daga wani ya riga ya bar asali. Kada a ɗura baƙin mai a ramin, ƙura yake tarawa ya zama laka. Garin bakin fensir ya fi. Idan sai an canza gaba ɗaya, za ka tarar da ƙusoshin da suka ɗaure shi ba su da kai, da gangan aka yi su haka saboda ɓarayi. Da ɗan kurfi da guduma ake bugun gefensu a hankali har su juya.

Sannan a magance abin da ya kashe na farkon. Duk ƙarin kayan nan a sauke su daga bayan makulli a mayar kan rile. Rile mai ƙafa huɗu yana da lambobi 30, 85, 86 da 87. Ƙafa 30 ta tafi batir ta cikin fis, 87 ta tafi kayan da za a kunna, 85 ta tafi bodi, 86 ta karɓi umarni daga makunni. Abin da rile ke ja bai kai rubu'in amfiya ɗaya ba, shi ke nan makunni ya huta, ya zama mai ba da oda kawai. Haka ma za a iya yi wa kik: wayar ST ta shiga 86, ƙafa 87 ta tafi solinoyid. Kafin ka mayar da robobi, gwada kowane mataki, ka tabbata makulli na dawowa da kansa, sitiyari kuma ba ya kulluwa sai an zare makulli.

Maganar "dairet"

Na san abin da wasu za su ce: ai sai a yi mata dairet, a sa ɗan suwic na fitila da maɓallin hon, a wuce wurin. Mun sha gani, har da masu fito da waya biyu suna haɗawa da hannu. Haɗarin farko, harshen kulle sitiyari yana nan daram. Ranar da aka manta ba a murɗa makulli ba, ko ya zame ya faɗi, mota za ta tashi ta yi tafiya, a kwanar farko sitiyari ya ƙame. Na biyu, suwic na fitilar ɗaki ba a yi shi don wannan nauyi ba, ga waya tsirara tana lilo kusa da ƙarfe, ga jarkar fetur a bayan kujera. Na uku, a manta shi a kunne koyil ya kwana yana dahuwa, batir ya wayi gari babu komai. Dabarar fitar da mota daga daji zuwa gari daban, abin da za a zauna da shi shekara daban.

Idan kuwa mota ta mutu maka tana gudu, kada ka kuskura ka mayar da makulli LOCK don ka sake tayarwa. Taka kuloci, riƙe sitiyari da hannu biyu, ka taka birki a hankali ba tare da yi masa famfo ba, domin iskar da ke taimaka masa taku kaɗan ta rage. Gangara gefe, sannan a yi bincike.

Dattijon nan dai ya bar garejin kafin azahar, da sabon dunƙulen baya da rile biyu, tumatirinsa kuma ya riski kasuwa. Da zai tafi ya zare makullan gidansa daga zoben ya zuba a aljihu, ya dube ni ya ce, "Yaro, ashe karatun naku yana da rana." Ban gaya masa cewa Oga ne ya gano ba, kuma Oga ko firamare bai gama ba. Abin da ya fi mu da shi ɗaya ne: ba ya sayen komai sai ya auna. Mu da ake koya wa dokar Ohm a allo, kunya ce a ce mun koma gida muna canke. Hutun nan idan an kira ka kan motar gida, tafi da mita.